Yunwar ƙarfe biyun dare

Ni mai ɗinki ce, a Badarawa nake, shekara 17 ke nan ina kan keke. Awon ƙugun matan unguwarmu kusan duk yana cikin littafina, amma nawa ban taɓa rubutawa ba. In riga ta matse ni sai in farke gefe in buɗa ta, in ta ƙi buɗuwa in yanka sabon yadi. Da haka shekaru suka yi ta wucewa ban lura ba.

Ina budurwa siririya ce ni. Da aka sa ranar aurena, wata gwaggona ta ce ba za a kai amarya kamar sillen kara ba, dangin miji za su ce gidanmu babu abinci. Aka samo min ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, na sha na wata uku. Na ci abinci kamar ba gobe, kumatu suka fito, kowa ya ce amarya ta yi kyau. Daga nan haihuwa ta biyo baya, huɗu a jere, kowace ta bar min nata kason, ga zaman keke daga hantsi har dare.

Abin da ya kai ni asibiti ciwon kai ne da ya ƙi jin magani bayan ƙaramar Sallah, da gwiwoyin da suka fara hana ni daɗewa a sujada. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 96. Tsawona mita 1.62. Likitar, mace ce mai sanyin magana, ta yi lissafi ta ce ma'aunin jikina ya kai 36.6, alhali daga 30 ake kiran abin ƙiba mai cutarwa. Jinina 150 bisa 95. Washegari na dawo ban karya ba aka gwada suga, ya nuna 6.4, ta ce da ya kai 7.0 da an fara maganar ciwon suga. Mahaifiyarmu ciwon nan ne ya cinye mata gani kafin rasuwarta, ni na riƙa jan hannunta zuwa banɗaki. Don haka da na ji wannan lamba gabana ya faɗi ƙwarai.

Da na koma gida na rufe ƙofar ɗaki, na ɗauko tef ɗina na zagaya cikina daidai cibiya. Inci 44. Likita ta ce ga mace, in ya wuce santimita 88, wato wajen inci 35, haɗarin ya yi yawa.

Na farko da na yi kuskure ne, kuma shi ne abin da kusan kowace mace ke yi. Ban jira ranar da aka ba ni ta ganin mai ba da shawara kan abinci ba. Na sayi wani shayin rage teɓa da ake talla a WhatsApp, na daina karin kumallo, na daina cin dare, sau ɗaya nake ci da azahar, shi ma ɗan kaɗan. Shayin gudawa kawai ya riƙa sa ni. Amma rashin cin ya yi aiki, cikin mako goma kilo 9 suka tafi. Na ɗauko tsofaffin atamfofina daga ƙasan akwati ina gwadawa ina murna.

Sai yunwa ta zo, irin wadda ban taɓa sani ba ko a azumin bazara. Ƙarfe biyun dare take tayar da ni. Ina kwance ina jin ƙanshin miyar da aka rufe a kicin tun magariba. Maƙwabciyata na soya albasa, ni ina kan keke hannuna na rawa, har na taɓa ɗinke hannun riga a baibai saboda hankalina na can. Ga wani sanyi da nake ji a tafin hannu da ƙafa alhali ba hunturu ba. Wani dare na tashi ban kunna fitila ba, na buɗe kula, na cinye sauran tuwon da aka ajiye don ɗumamen yara, a tsaye, da sanyinsa. Da na gama na zauna a kan turmi na yi kuka. Cikin wata biyar na mayar da kilo 11. Kunya ta hana ni komawa asibiti, ina ganin likita za ta ce ga wadda ta kasa riƙe bakinta. Maigida ne ya matsa, ya ce, “Maman yara, shirya in kai ki. Ba a ɓoye wa likita ciwo.”

Da ta ga 98 a sikeli ko fuska ba ta canza ba. Ta saurari labarina har ƙarshe, sannan ta ce, “Hajiya, abin da ya same ki haka jikin ɗan Adam yake yi. Matso ki gani.” Ta juya wata takarda ta zana kai, ta ɗiga wani wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa, ta bayan idanu. Ta ce sunansa haifotalamus, girmansa bai fi kwanson gyaɗa ba, amma shi ke lura da zafin jiki da ƙishirwa da barci da yunwa. A cikinsa akwai rukunin ƙwayoyin jijiya biyu da ke jayayya kullum, ɗaya na cewa a ci, ɗaya na cewa ya isa. Wanda ya rinjaya shi mutum ke ji a matsayin yunwa ko ƙoshi. Ni duk rayuwata na ɗauka ciki ne ke jin yunwa. Ashe ciki ɗan aike ne, can sama ake yanke hukunci.

Ta ce kitsen jiki ma ba zaman banza yake yi ba, yana fitar da wani sinadari cikin jini mai suna leftin, shi ne rahoton da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Ta tambaye ni ko muna da dangi a ƙauye, na ce ƙwarai, wajen Giwa. Ta ce to in tuna da maigidan da ya leƙa rumbu ya ga hatsi ya yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba. Abu biyu zai yi, ya rage awon da ake fitarwa kullum, ya kuma tura samarin gida neman ƙari. Haka ƙwaƙwalwa take yi in leftin ya faɗi: ta rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa, shi ne sanyin da nake ji da kasala, ta kuma ƙara yunwa da son ƙanshin abinci. Ita ba ta san da gangan na rage ci ba, a wurinta fari ne ya shigo gari.

Na ce, “To Likita, in haka ne, da rumbun ya cika ya batse me ya hana ta ce min ya isa?” Ta ce masu ƙiba leftin ɗinsu yana da yawa, amma ƙwaƙwalwa ta saba da shi har ta daina jin kiransa sosai, kamar wanda gidansa ke jikin injin niƙa, ba ya jin ƙarar sai ranar da ta ɗauke. Tsarin ya fi ƙwarewa wajen tsare mutum daga rama fiye da tsare shi daga ƙiba. Ta ƙara da cewa gado yana da hannu babba a ciki, shi ya sa za ki ga 'yan gida ɗaya tukunya ɗaya, wata ta cika wata ta ƙi.

Da na ba ta labarin sha ka fashe, sai ta ajiye biro. Ta ce yawanci iri biyu ake sayarwa da wannan suna. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, saifuroheftadin, wanda ke toshe wasu saƙonnin ƙoshi a ƙwaƙwalwa. Ɗayan kuma dekzametason ne, magani mai ƙarfi da ke buɗe ci, ya tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya kuma ɗaga suga da jini. Kumatun da aka yaba min a ranar biki, wani ɓangarensu kumburi ne.

'Yar yayana tana karatun likita a Zariya. Da ta zo hutu na zaunar da ita kusa da keke na ce ta ƙara min bayani, ina ɗinki tana magana. Ta ce, “Gwaggo, ai wannan ilimin bai daɗe ba.” A 1994 ne wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, ya gano leftin ta hanyar wasu ɓeraye da aka daɗe ana mamakin ƙibarsu, ci suke yi ba tsayawa, ashe jikinsu ne ba ya yin sinadarin. A 1997 kuma likitoci a Kambirij ta Ingila suka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu Pakistan, da aka haifa da irin wannan rashi. Yarinyar tana shekara 8 nauyinta ya kai kilo 86. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, yunwar ta lafa, suka rame. Na yi saurin cewa to a nemo min allurar. Ta ce masu wannan rashi 'yan ƙalilan ne a duniya, ga sauran mutane allurar ba ta yin abin kirki, tunda mu yawa ma ya yi mana. Na daɗe ina tunanin yarinyar nan, da irin faɗa da gorin haɗama da ta sha kafin a gane abin da ke damunta.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne binciken da aka yi a Melbon ta Ostareliya, aka buga a 2011. Mutum 50 aka ɗora kan tsananin rage ci na mako 10, suka zubar da wajen kilo 13 a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu, aka tarar sinadaran yunwa suna nan sama, na ƙoshi suna ƙasa, kuma su da bakinsu sun ce yunwar ta fi ta da. Shekara guda cur. Na tsayar da keke na ce ta maimaita. Daren da na ci tuwon yara a tsaye ya dawo min, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, domin wata da watanni ina zargin kaina da raunin zuciya har da raunin imani.

Wannan karon na je wurin mai ba da shawara kan abinci, kuma abin mamaki da barci ta fara. Ta tambayi ƙarfe nawa nake kwanciya. Duk mai ɗinki ta san amsar: in Sallah ko bikin wata ya matso, sai ɗaya ko biyun dare, in an kawo wuta ma har asuba. Ta ce akwai wani sinadarin da ciki ke fitarwa, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ne mai ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwa ƙofa in lokacin ci ya yi. A Jami'ar Shikago an hana wasu samari barci, awa huɗu kacal suka yi dare biyu a jere, sai girelin ya hau da kashi 28 cikin ɗari, leftin ya sauka da kashi 18, kuma abin da ransu ya fi so shi ne zaƙi da kayan fulawa. Nan na tuno kofin shayi mai kauri da rabin biredin da ke rakiyata kowane daren ɗinki.

Girelin yana bin sabo. Shi ya sa a kwanakin farko na Ramadan yunwa ke kama mutum daidai lokacin da ya saba karyawa ko cin rana, in an yi haƙuri ta lafa da kanta, bayan mako guda kuma jiki ya koma sabon tsari. Ta ce in yi amfani da wannan, in tsayar da lokutan ci uku in riƙe su, in daina tsallake na safe sannan in rama da dare.

Gyaran barcin shi ya fi ci min kuɗi. Na daina karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfina, na sa wa kaina dokar rufe keke ƙarfe goma. A Sallar da ta biyo baya na mayar da kaya sun fi kala ashirin, wasu tsofaffin masu kawo min ɗinki suka yi fushi suka koma wani wuri, kuma har yau akwai wadda ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Na ji zafin abin. Amma cikin mako uku yunwar ƙarfe biyu ta ragu sosai, saboda a lokacin barci nake.

Sai maganar faranti. Ba ta hana ni tuwo ba, da ta hana da ban ɗore ba. Malmala uku nake ci da, ta ce in koma ɗaya babba, in ƙara miya mai ganye, in rage man da nake kwararawa. Kafin in taɓa tuwo in fara da kwaɗon zogale ko rama ko kabeji da kokwamba. Da safe maimakon shayi da biredi, alale ko dafaffen ƙwai biyu ko wake, saboda irin waɗannan sun fi daɗewa suna riƙe mutum. Wani lokaci ina sayo acca a Kasuwar Gumi in yi fate da ganye mai yawa. Ta kuma ce in zauna in ci a hankali, domin saƙon ƙoshi daga ciki da hanji yana ɗaukar mintoci kafin ya isa sama, ni kuwa da cikin minti biyar nake share kwano in koma keke. Da ta faɗi haka na tuna hadisin da muka haddace tun a Islamiyya, na kasa ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Na san shi shekara talatin, ban taɓa gwada shi da gaske ba sai yanzu.

Lemon kwalba ne na yi wa yankan ƙauna. Robar rabin lita tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 13, kuma abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa, mutum ya shanye ya kuma ci abincinsa cif. Biyu nake sha a rana lokacin zafi. Na koma zoɓo da citta da kanumfari, suga ɗan kaɗan, daga baya na daina sa shi gaba ɗaya.

Akwai wata roba mai murfi ja da ke zama a gefen kekena, kullum cike da cincin, wai don masu kawo ɗinki. Ni ce mai cinye fiye da rabi, ba tare da yunwa ba, hannu ne kawai ke zuwa. 'Yar yayana ta ce wannan wata hanya ce daban a ƙwaƙwalwa, ta kwaɗayi da sabo, mai aiki da sinadarin dofamin, wadda gani ko ƙanshi kaɗai ke tayarwa, kuma abin da ya haɗa mai da suga da fulawa ya fi komai kunna ta. Ta ba ni labarin wani gwaji a Amurka a 2019: mutum 20 aka ajiye, mako biyu ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa sosai, mako biyu abincin da aka girka daga kayan asali, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani suka riƙa ƙara cin wajen kalori 500 kullum (kalori ma'aunin ƙarfin abinci ne), nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo guda. Ban yi gardama da robar ba, na ɗauke ta na ba maƙwabta. Abin da ido bai gani ba ya fi sauƙin bari. Yanzu yalo da gyaɗa marau-marau 'yar kaɗan ke wurin.

Tafiya kuma, ni da wata maƙwabciyata muke zaga unguwa bayan sallar asuba, minti talatin, kwana biyar a mako. Ranar Asabar maigida kan sauke mu a Dandalin Murtala. Likita ta gaya min gaskiya, tafiya ita kaɗai ba ta zubar da kilo da yawa, amfaninta ga suga da jini ne da hana nauyi dawowa. Ita ce ta rage min buri kuma. Na so in koma kilo 65 na ƙuruciya, ta ce in sa ido kan kilo 7 tukuna, domin wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna masu suga a bakin iyaka irina, in suka nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu suka kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Abin da babu wanda ya shirya ni a kansa shi ne bakin mutane. Da na fara faɗawa, a gidan biki wata ta ja ni gefe ta ce, “Lafiya kuwa? Ko Malam ne zai ƙaro miki abokiyar zama?” Surukata ta aiko a kira ni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “'Yar nan, in wani ciwo ne kada ki ɓoye mana.” Na durƙusa na yi mata bayani, na tuna mata da idon mahaifiyata, sannan ta yi shiru ta sa min albarka. A wurinmu cikar jiki shaidar kwanciyar hankali ce, ƙin cin abincin mutum kuma raini ne. Na koyi in karɓa da hannu biyu, in ɗan taɓa, in yi godiya.

Wata mai kawo min leshi daga Abuja ta ba ni labarin allurar mako-mako da take yi. Na tambayi likita. Ta ce maganin gaske ne, semagulutayid, yana kwaikwayon wani sinadarin hanji mai suna GLP-1, kuma babban aikinsa a ƙwaƙwalwa yake, yana rage kiran yunwa. A gwaji mutane sun zubar da wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku cikin shekara. Yana sa tashin zuciya, yana da tsada, akwai na jabu, kuma ba a yin sa sai da kulawar likita. Aljihuna bai kai ba. Ba na ganin laifin wadda ta yi, don na san irin yunwar da take gudu.

A wata na shida na tsaya cak a kilo 89, mako bakwai sikeli bai motsa ba. Sannan muka yi rasuwa a dangi, zaman makoki da rashin barci da abincin sadaka suka ƙara min kilo biyu. Da can da na watsar da komai. Wannan karon na koma kan lokutan cina da barcina, na kuma je ranar asibitina ban fasa ba. Yau wata 14 da farawa, ina kilo 87, ƙuguna inci 39, sugana 5.5. Maganin hawan jini ina sha har yanzu. Yunwar ma takan leƙo, musamman in na karya dokar ƙarfe goma, sai dai yanzu na san daga inda take. Nakan sha ruwa, in ta ƙi lafawa in ci dafaffen ƙwai a zaune da fitila a kunne, in koma in kwanta.

Makon jiya wata mata ta kawo 'yarta awon kayan biki, yarinya siririya mai kunya. Ina zagaya mata tef, uwar ta ce in ƙara inci uku a ko'ina, don za a fara ba ta abin da zai ciko da ita kafin ranar. Na ajiye tef ɗin na ce, “Yaya, don Allah zauna, ina da magana.” Na ba ta labarina tun daga gwaggona har zuwa 6.4. Ta saurara, ta ce za ta yi shawara da mahaifin yarinyar, amma fuskarta ba ta nuna ta gamsu ba. Na ce kada ta ba ta komai sai ta tambayi likita, in tana so ni zan raka su. Yarinyar dai ba ta ce uffan ba, kanta na ƙasa. Na rubuta awonta yadda yake, ƙugu 27, na ce su dawo ranar Laraba a gwada.